Ledar Kujerar Shaho

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na goya Baffa Manu a babur daga Birnin Kebbi zuwa Argungu domin ya nema mini aure. Jikokina sun ji labarin a bakin mutane da yawa, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Shi ya sa na ga gara in ba da shi da kaina, tunda ni na sha kunyar.

A lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, ina kuma taɓa noman albasa a fadamar da muka gada. Wata shekara albasa ta yi daraja. Masu hankali suka sayi shanu, wasu suka yi rufin kwano, ni kuwa na hau mota zuwa Sakkwato na dawo a kan babur. Ba irin ƙananan nan da malamai ke lallaɓawa zuwa makaranta ba. Babba ne, ja, mai silinda biyu da salansa biyu, ɗaya a kowane gefe. In na buga shi da safe ba ihu yake yi ba, gurnani yake yi can ƙasa-ƙasa, sai ka ji shi a ƙirjinka kafin ya kai kunnenka. Na sa masa suna Shaho, kuma har yau da nake rubuta sunan nan sai da zuciyata ta motsa.

Hidimar da na yi wa Shaho ban yi wa kaina rabinta ba. Kullum sai na wanke shi kafin in wanke fuskata. Wayoyin taya da tsohon asuwaki nake bin su ɗaya bayan ɗaya, sarƙa kuwa da gashin kaza nake shafa mata mai don kada ya yi yawa ya fantsama. A cikin ɗakina yake kwana, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa. Mahaifiyata ta taɓa leƙowa ta gan ni ina hura ƙura daga kan mita, ta ce, "Allah shi ba ka mata mai haƙurin zama da wanga mai gida naka." (Na ce amin da zuciya ɗaya, ban gane ba'a take yi mini ba sai daga baya.)

Abu biyu na yi wa Shaho waɗanda ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, na kwance kariyar baya ta ɗora kaya tare da ƙarfen da wanda aka goya yake riƙewa, domin a ganina suna ɓata masa kyau, sun mayar da shi kamar babur ɗin mai kai madara kasuwa. Na biyu, ban cire ledar kujera ba. Wannan kuwa ba ni kaɗai ba ne. A zamanin duk wanda ya sayi sabon abu, rediyo ne ko kujerar falo, ba ya taɓa ledar kamfani sai ta gaji ta yage da kanta, saboda ita ce shaidar cewa kai ka fara, ba kwance ka saya ba. Ni dai na zarce kowa, don har goge ledar nake yi da tsumma mai ɗan maiƙo tana sheƙi.

Abokin hamayyata shi ne Bello mai hoto. Nasa babur ɗin shuɗi ne, siriri, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai ƙara da hayaƙi. Ni na sa masa suna Sauro. Kullum la'asar muna ƙarƙashin dogon yaro a bakin rumfar bakanike muna musu. Shi ya ce nasa ya fi saurin tashi, ni in ce nawa ya fi dogon numfashi. Ya ce nawa nauyin banza ne, in ce nasa in ya wuce unguwa sai an yi shekara ana tari. Amma ba mu taɓa gwadawa ba, domin bakanike ya gargaɗe ni cewa sabon inji ba a murɗa masa totur duka sai ya yi tafiya ya buɗe. Bello ya samu abin faɗa. Duk inda ya gan ni sai ya ce, "Malam, wanga shaho naka dai baki gare shi, ba mu taɓa ganin ya tashi ba." Maganar tana ci mini rai ƙwarai.

Sai kuma Luba ta shigo cikin lissafi. 'Yar Argungu ce, ƙanwar wani abokin aikina, mahaifinta Malam Sahabi manomin shinkafa ne kuma masunci. Ranar da na fara raka yayanta gida, duk unguwa aka fito kallon Shaho, ita kuwa ta zo wucewa da tulu, ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Shi wanga abu, in ruwa ya ci hanya, yana iyo?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma a hanyar komawa gida ban yi tunanin kafireto ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Bayan 'yan watanni magana ta kai ga manya, aka sa ranar da za a kai goron neman aure.

Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, saboda haka ƙanensa Baffa Manu ne waliyyina. Dattijo ne ɗan firit, ba tsoka ba surutu, in ya zauna da carbinsa sai a yini ba a ji muryarsa ba. Shi ya so ya hau motar kasuwa. Ni na nace sai na kai shi, wai don kada ya sha wahala, amma gaskiyar magana so nake surukaina su ji gurnanin Shaho ko daga nesa ne. Muka shirya cewa zan sauke shi a bakin masallacin unguwa in ɓace, domin kowa ya sani mai neman aure ba ya nuna fuskarsa a irin wannan zama, rashin kunya ne.

Ran tafiya Baffa ya fito cikin babbar rigarsa ta shadda wadda ta sha sitaci da bugu har tana ɗaukar ido. Ga ƙunshin goro da alawa, ga shi babu kariyar da za a ɗaura shi. A kan tanki kuwa ko a mafarki ba zan yarda ba, kada ya karce fenti. Sai na ɗaure ƙunshin a gadon bayana da wani tsohon rawani, ya zamana shi ne tsakanina da Baffa, shi kuma Baffa ya samu ɗan abin da ya rage na ƙarshen kujera. Ya lalubi hagu, ya lalubi dama, ya ce, "To ni mi za ni riƙewa?" Na ce ya riƙe ƙuguna. Ya dube ni kamar na zage shi. Dattijo ba ya rungumar ƙugun ɗansa a bainar jama'a, don haka ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyinsa, ya yi bisimilla, muka tashi.

Tun kafin mu bar gari na ji yana mutsu-mutsu. Shadda mai sitaci a kan leda mai maiƙo, kowa ya san abin da zai biyo baya, sai ni. Da muka kai Zauro ya taɓa kafaɗata na tsaya a gefen titi, daidai wani injin casar shinkafa inda aka tara buntu tsibi guda. Ya sauka yana gyara riga ya ce, "Ɗana, wagga kujera taka santsi gare ta. Ka kware ledag ga mana." Na ce, "Haba Baffa, ai saura kaɗan mu isa." A zuciyata kuwa cewa nake, in shiga Argungu ba leda, wa zai san sabo ne? Ya ɗaga ƙafa ya koma mazauninsa.

Daidai nan na ji kukan Sauro a bayana. Bello ne, da jakar kayan hotonsa a rataye, shi ma Argungu za shi wurin wani suna. Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, ya gaida Baffa da ladabi, sannan ya dube ni ta ƙasan ido ya murɗa totur sau biyu, hayaƙi ya turnuƙe. Ga titi a miƙe ba mota ko ɗaya, ga iska mai sanyi tana tasowa daga fadama. Na manta da bakanike, na manta da aure, na manta da wanda ke bayana. Na sa giya, na murɗa totur har ƙarshe, na saki kuloci gaba ɗaya.

Wayyo Allah, wannan tashi! Tayar gaba ta ɗan ɗaga, Shaho ya yi wata irin zabura da ban taɓa ji ba, ya kuma yi sakayau kamar an sauke masa kaya. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau inji ya buɗe. (Lallai kam an sauke masa kaya.) Na saci kallon madubi na hango Bello yana ƙanƙancewa, sannan na ga ya karkata gefen titi ya tsaya cak. Na yi dariya cikin hular kwano na ce fulogi ya ƙone, ƙarshen musu ke nan.

Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin tafiya irin na wannan rana ba, kuma ban ƙara ji ba. Shinkafa ta nuna a fadama hagu da dama, tsuntsaye suna tashi daga cikinta in na wuce, can nesa ruwan gulbi yana walƙiya. Muryar salansa biyun ta haɗu ta zama ɗaya, hannu ba ya karkarwa, kowace kwana sai in ɗan kwanta kawai Shaho ya bi ta da kansa. Ƙunshin goro yana manne a bayana da ɗuminsa, ni kuwa na ɗauka Baffa ne ya sauko daga girman kai ya jingina da ni. Har hira na riƙa yi masa da ƙarfi saboda iska. "Baffa, ka ji murya? Wannan shi ne silinda biyu!" Shiru. "Baffa, ka ga yadda muka bar mai hoto?" Shiru. Ban damu ba, ai Baffa Manu ne, shirunsa ma amsa ce.

Na shiga Argungu ana fitowa daga sallar azahar. Na karya kwanar masallacin da muka yi alkawari, sai kawai na gan ni a gaban tabarmi. Ashe zaure ya yi zafi, Malam Sahabi da 'yan'uwansa da limamin unguwa sun fito da shimfiɗarsu ƙarƙashin bishiyar da ke bakin masallaci suna jiran baƙonsu. Ba halin juyawa. Na taka birki, na kashe inji, na cire hular kwano, na sunkuyar da kai kamar yaron kirki. Na ce tunda an gan ni an gan ni, bari in nuna musu tarbiyya. Na dafe babur da ƙafa biyu, na tausasa murya na ce, "Baffa, a sauka sannu, salansa da zafi."

Ba wanda ya sauka.

Na ƙara cewa, "Baffa, mun iso. Ta hagu za a sauka." Na lura dattawan sun daina jan carbi, kowa ya zuba mini ido. Malam Sahabi ya gyara zama ya ce, "Kai yaro, da wa kaka magana?"

Na waiwaya. Ba komai a bayana sai ƙunshin goro da leda tana sheƙi a rana. Na waiwaya ta ɗaya gefen, kamar mutum zai iya ɓuya a can. Na sauka na leƙa har ƙarƙashin babur (wallahi na leƙa, kuma a gaban surukaina). Abin da na samu shi ne takalmin Baffa ƙafa ɗaya, maƙale a matakin baya. Na ciro shi na tsaya riƙe da shi a hannu, goro a goye a bayana kamar mai jego. Liman ya ce, "Ikon Allah! Mu dai mun ga goro, mun ga takalme guda. Saura mai su." Daga cikin gidan Malam Sahabi da ke gefen masallacin na ji dariyar mata ta ɓarke, ashe suna leƙe ta saman zana.

Ni kuwa dariya ta ƙare mini. Sai a lokacin na tuna irin gudun da na yi, na tuna kwalta, na tuna ƙasusuwan Baffa. Mutumin da ya riƙe ni tun ina maraya, ban ma san a ina ya faɗi ba. Na durƙusa a ƙasa ina salati, hawaye na zuba. Na so ƙasa ta tsage in shige, ba don kunyar surukai kaɗai ba, don tsoron abin da zan tarar in na koma.

Ina ƙoƙarin miƙewa in buga babur sai na ji ƙarar da na fi tsana a duniya, kuma ban taɓa jin sauti mai daɗinta ba. Sauro ne ya karyo kwana a hankali, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A baya ga Baffa Manu, fari fat da buntun shinkafa tun daga hula har gemu, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya rungume ƙugun Bello da hannu biyu kam. Ashe tun tashin farko a Zauro ya sulale ta baya ya zauna daɓas a kan tsibin buntu, ko ƙwarzane bai yi ba. Tsayawar da na ga Bello ya yi, ba fulogi ba ne, Baffana ya tsaya ɗauka. Tseren da na yi ta murnar na ci, ni kaɗai na yi abina.

Baffa ya sauka, ya karɓi takalminsa daga hannuna bai dube ni ba, ya kwance goron daga bayana kamar yana sauke wa jaki kaya, ya kakkaɓe gemu, ya yi sallama ya zauna a tabarma. Ni na ja Shaho na koma bayan katangar masallaci na tsuguna, inda nake jin komai amma ba ni da bakin magana.

Bayan gaishe-gaishe Malam Sahabi ya yi gyaran murya. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Malam Manu, mu ba mu ƙi ku ba. Amma wanda yay yada baffanai tun Zauro bai waiwaya ba, ran da yay yada ɗiyata wa ka zuwa shi gaya mani?" Na tabbata Luba ta kuɓuce mini, na kifa kaina a kan tankin Shaho.

Sai na ji muryar Baffa, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya ce, "Yaron kirki na, ni nar rene shi. Ba shi shan taba, ba shi faɗa, ba shi barin salla. Cutatai guda ta, ga ta can jingine bayan katanga. Ku ba mu ɗiya, ni kau na ɗaukam maku alkawali, kahin a ɗaura aure wancan jan ƙarhe ya bar gidanmu." Liman ya ce madalla, aka shafa fatiha, aka raba goro. Haka aka ba ni mata aka karɓe mini babur a zama ɗaya, ina tsugune ina ji. Baffa kuwa a motar albasa ya koma gida.

Alkawarin waliyyi ba a tayar da shi. Wanda ya zo sayen Shaho shi ne Bello. Ya zagaya shi, ya shafa tanki, ya ce a hankali, "Malam, tun ran da kaz zo da shi nika son shi, musun dai na bakin rumfa na." Na roƙe shi ya bar mini shi zuwa safiya. Da gari ya waye na hau ni kaɗai na bi hanyar Zauro a hankali, ban wuce giya ta uku ba, ina sauraron muryarsa kawai. Na dawo na wanke shi, na shafa wa sarƙa mai, na miƙa makulli. Bello bai bar ƙofar gidanmu ba sai da ya sa hannu ya yage ledar, ƙyat, ya jefar. Ashe kujerar baƙa ce mai ɗinki ja a gefe, kyakkyawa ƙwarai. Ni da na saye ta ban taɓa zama a kanta ba.

Shekara da shekaru ina jin wucewarsa ta bayan makaranta. Ina cikin rubutu a allo sai alli ya tsaya a hannuna har sai gurnanin ya ɓace, yara sun sani, su ma sai su yi shiru. Daga baya Bello ya koma wani gari da shi, ban ƙara jin labarinsu ba. Na sha ganin manyan babura na zamani masu ƙarar tsiya, ba wanda ya yi mini magana a ƙirji irin Shaho.

Bayan aure na sayi ɗan ƙaramin babur mai kwando a gaba da kariya a baya, irin wanda a da nake wa dariya. A kansa na yi ta kai Luba ganin gida Argungu. Tun tafiyar farko, muna kaiwa injin casa na Zauro sai na rage gudu na ce, "Kina nan?" Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ina nan, Malam, ban zame ba." Ya zame mana al'ada. Da goyo a bayanta, da yara biyu a tsakaninmu, har zuwa lokacin da furfura ta fito mana, ba mu taɓa wuce wurin nan ban tambaya ba, ita ma ba ta taɓa fasa amsawa ba.

Darasin da na koya mai sauƙi ne, ko da yake na saye shi da tsada: abin da kake so ka cire masa leda ka zauna a kansa tun yana hannunka, in kuma ka ji kaya sun yi maka sauƙi farat ɗaya, kada ka yabi inji, waiwaya. Luba ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta. Injin casar ma an tashe shi, an gina shaguna a wurin. Amma ko a watan jiya da na bi hanyar ni kaɗai, ina kaiwa daidai nan hannuna ya sassauta totur da kansa, na ji bakina ya ce, "Kina nan?" Na ɗan jira kafin in ƙara giya.